Kaduna: Garin da Bariki Ya Riga Kasuwa

Sharhinmu na yau a kan birnin Kaduna yake.

Wanda ya taso daga Zariya ya nufo Kaduna ba zai tarar da ganuwa ba, ba zai kuma shiga ta wata tsohuwar ƙofa irin Ƙofar Doka ko Ƙofar Na'isa ba. Abin da zai fara tarbarsa tun daga Jaji shi ne shingen barikin soja. In ya iso Kawo, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojan ƙasa. In ya karkata ta Mando, ga sansanin mayaƙan sama, gaba kaɗan kuma ga sabon mazaunin makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Afaka. In ya kutsa cikin gari, ko ɗan acaɓa ya tambaya zai kai shi Asibitin 44 na soja. Kano da Katsina da Zazzau, kasuwa da sarauta da malanta ne suka raine su shekaru aru-aru. A Kaduna kuwa soja ne ya fara kafa tanti, sannan gari ya biyo bayansa, kuma babu wani babban yaƙi da Najeriya ta shiga tun daga 1914 da bai bi ta kan wannan gari ba.

Wurin da aka kafa shi bakin iyaka ne, ko da yake babu jami'in kwastan a wurin. Daga nan ƙasar Hausa take tsayawa ta fuskar kudu, ƙasashen wasu al'ummu su ɗauka. Kafin zuwan Turawa, dajin da ke gaɓar kogin nan mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, manoman doya da dawa, waɗanda aka san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa. Fulani makiyaya na ratsawa da shanunsu, fatake na wucewa da jakuna. Can kudu da gabas akwai Adara da Bajju da Atyap da Ham da sauran ƙabilu masu yawa. Yankin yana ƙarƙashin ikon Sarkin Zazzau ne, kuma zaman da aka yi ba na ciniki kaɗai ba ne. An karɓi haraji, an kai hare-haren kamun bayi a ƙarni na 19, kuma jikokin waɗanda abin ya faɗa wa ba su manta ba. Duk mai son ya gane rigingimun da suka auka wa Kaduna daga baya, to ya riƙe wannan a ransa.

Gwamna Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairun 1900 a Lokoja. Ya ɗan zauna a Jebba, sannan a 1902 ya koma Zungeru, wadda ita ma a bakin Kogin Kaduna take. Zungeru ba ta karɓi Turawa ba: ga zafi, ga sauro, ga nisa da manyan masarautun da ake son a sa wa ido. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai hankalinsu ya koma kan inda layin ya haye kogi kudu da Zariya. Akwai ruwa rani da damina, akwai fili iya ganin ido, kuma wurin ba fadar kowane sarki ba ce, saboda haka ba wanda zai ce an fifita wani a kansa. Sojoji aka fara turowa wajen 1912 zuwa 1913. Sai a 1917 aka kammala kwaso ofisoshin gwamnati daga Zungeru. Har ƙaramar gadar ƙarfe da Lugga ya kafa can a 1904 sai da aka kwance ta aka kawo, tana nan a lambun Gamji.

Turawa sun yanka garin ne kamar mai rabon gado. Unguwarsu daban, a arewacin kogi, da manyan filaye da itatuwa, an kuma bar tazarar yadi 440 da ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba tsakaninsu da baƙar fata. Akawuna da 'yan kasuwa aka ba su Sabon Gari, lebura kuma Tudun Wada. Amma aikin reluwe da na bariki da na ofis ba ya tambayar mutum garinsu. Yarabawa suka biyo layin Legas. Da layin gabas ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan wajen 1927, Ibo suka zo, direbobin jirgi da masu gyaran inji da masu buga waya. Nufawa suka kafa Tudun Nupawa, Kanawa suka kafa Unguwar Kanawa, mahauta da dillalan dabbobi suka tare a Unguwar Shanu. Barebari, Tibi, Idoma, Zabarmawa, Saliyawa da mutanen Gwalkwas, kowa da abin da ya kawo shi. Har gobe mai yawo a tsakiyar gari zai bi ta titin Legas ya faɗa titin Ibadan, ya ɓulla titin Abekuta ko na Katsina ko na Jos. Ban da Gbagyi, kusan duk wanda ke cewa shi ɗan Kaduna ne, in aka bi sawun kakansa za a ga daga wani wuri ya sauko da ƙunshin kayansa.

Yaƙin duniya na farko ya tarar da bataliya ta ɗaya ta sojan Najeriya a Kaduna. Dakarun ƙasar nan suka fafata da Jamus a Kamaru daga 1914, aka ci Garwa a 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, daga nan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas.

Yaƙin Hitila shi ne ya girgiza Arewa har cikin ɗakunan kwana. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, hukumomin Nijar suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, Chadi kuma a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle. Dare ɗaya doguwar iyakar nan daga Sakkwato zuwa Borno, inda Bakatsine ke zuwa ɗaurin aure Maraɗi ya dawo, ta zama iyakar da ake zaman ɗar-ɗar a kanta, har zuwa ƙarshen 1942. Daga ofisoshin Kaduna umarni ke fita zuwa ga Razdan-Razdan na larduna, daga su zuwa ga sarakuna da hakimai da dagatai: a kawo samari, a ƙara noman gyaɗa, a tara kuɗin taimakon yaƙi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka koma ɗibar talakawa ala tilas zuwa haƙar ma'adinai a Jos. Wannan shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. An yi shi daga 1942 zuwa 1944, kuma sanyin tsaunukan Filato da yunwa da cuta sun kashe mutane da dama da ba su taɓa ganin Bajamushe ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kai labarin fagen fama zaure-zaure, mai karatu ɗaya yana karanta wa jama'a.

Samarin da aka ɗiba sun je wuraren da ko a tatsuniya ba su taɓa ji ba. Birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a Fabrairun 1941, suka kuma kora abokan gaba har cikin Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Bama su tari Japan. Kimanin mutum 90,000 ne suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, sai dutse da ƙurmi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Da ka suka riƙa ɗaukar harsashi da sassan igwa, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. A Janairun 1945 suka karɓe Myohaung. Sunayen nan ba su ɓace ba. Wanda ya je sayen kaya a Mogadishu da ke tsakiyar Kaduna, ko ya wuce ta barikin Kalapanzin a kudancin kogi, yana ambaton filayen da kakanninsa suka zubar da jini ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Harshen da ya haɗa Batibi da Babarbare da Bachama a layin fareti shi ne Hausa, irin ta bariki, mai gajerun jimloli da tsawa. Wannan Hausar ce marigayi Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya ɗauko ya zuba a wasan kwaikwayonsa na Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Jama'a sun yi ta dariya shekara da shekaru, domin kusan kowace unguwa akwai samanjanta na gaske, tsohon ɗan Bama da ya dawo ya zama direba ko maigadi ko ɗan doka, yana ajiye da lambobinsa na yaƙi a cikin gwangwani.

Bayan yaƙi sai garin ya zama na siyasa. A zauren Lugga majalisar dokoki da ta sarakunan Arewa ke zama. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a 1954, Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. Masaƙar farko ta buɗe a Kakuri a 1957, gidan rediyo da talabijin na Arewa ya soma aiki a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kusan 150,000 a garin. A 1964 kaɗai aka buɗe NDA da taimakon hafsoshin Indiya, aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kakuri da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma, aka kuma kafa rundunar sojan sama. Wato dai kujerar mulkin Arewa da ma'ajiyar makamanta suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Cikin daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairun 1966, a watan azumi, aka ga abin da wannan kusanci ke iya haifarwa. Manjo Chukwuma Nzeogwu, babban malami a kwalejin horon soja ta Kaduna, ya fita da yaransa da sunan atisayen dare da aka laƙaba wa suna Damisa, ya zarce da su gidan Firimiya. Aka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. A daren aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ta ɗaya, shi da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Legas aka kashe Firaminista Abubakar Tafawa Balewa da Birgediya Zakariya Maimalari da wasu manyan hafsoshi, a Ibadan aka kashe Firimiya Akintola. Da rana ta yi, muryar Nzeogwu ce ta fito daga Rediyon Kaduna tana shelar dokar soja.

Abin da ke ƙara wa lamarin ɗaci shi ne Nzeogwu ba baƙo ba ne. Iyayensa mutanen Okpanam ne kusa da Asaba, amma a Kaduna aka haife shi a 1937, a nan ya yi makarantar St. John's wadda yau ake kira Kwalejin Rimi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, har abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan garin. Odumegwu Ojukwu, wanda zai jagoranci Biyafara, a Zungeru aka haife shi a 1933, kamar yadda aka haifi Nnamdi Azikiwe a can a 1904. Yakubu Gowon, wanda zai yaƙe shi, a Wusasa ta Zariya ya tashi. Mutanen da suka ja ƙasar nan zuwa yaƙi daga ɓangarori biyu, 'ya'yan layin dogo ɗaya ne, sun sha ruwa ɗaya, sun ci tuwo a kwano ɗaya a bariki.

Abin da ya biyo baya babu mai imanin da zai yi alfahari da shi. Janar Ironsi, da ya karɓi mulki, ya soke tsarin yankuna da doka mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu, tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, ana kirarin a raba. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa. A Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo fararen hula, masu shago da teloli da ma'aikatan reluwe waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Zafin kisan Sardauna gaskiya ne, amma ba ya wanke jinin wanda bai ɗauki bindiga ba. Tashar jirgin Kaduna ta cika maƙil da mata da yara da akwatuna, taragu na ta kwasar su zuwa gabas. An kuma sami Hausawa da yawa da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka, suka raka su tasha da dare, suna sane da cewa za su iya rasa ransu a kan haka.

Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon, da ya hau mulki bayan juyin Yuli, ya raba ƙasa jihohi 12, Kaduna ta sauka daga babban birnin Arewa baki ɗaya ta koma hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. Runduna ta Ɗaya, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ita ta buɗe fagen arewa, kuma Kaduna ce ƙashin bayanta. Kurata na fitowa daga Daffo na Zariya, NDA ta koma yaye hafsoshi cikin gaggawa a 'yan watanni, injinan DICON na zubo harsashi, jiragen ƙasa na bi ta Kafanchan zuwa Makurɗi da dakaru da abinci, su juyo da masu rauni. Aka yi kira ga 'yan mazan jiya, tsofaffin sojan Bama masu furfura suka sake ɗaura ɗamara. Sojan da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kai kusan 250,000 a ƙarshensa. Nsukka ta faɗi a Yulin 1967, Inugu a Oktoba, Umuahia a Afrilun 1969. Rediyon Kaduna na ta watsa waƙoƙin ƙarfafa gwiwa na mawaƙan Hausa, iyaye mata kuma na kasa kunne ko za su ji labarin bataliyar 'ya'yansu. A can ɓangaren kuwa yunwa ce ke cin ƙananan yara, adadin da har yau ake faɗinsa da ɗaruruwan dubbai zuwa sama da miliyan.

Nzeogwu ya mutu a fagen fama kusa da Nsukka a ƙarshen Yulin 1967, yana yaƙi a ɓangaren Biyafara. Gowon ya sa aka ɗauko gawarsa aka binne a maƙabartar soja ta Kaduna da cikakkiyar girmamawar soja. Har yanzu akwai masu ganin hakan bai dace ba, akwai masu ganin dattako ne. Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, kuma Ibo da yawa da suka dawo Arewa sun tarar da gidajensu, wasu ma har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. A shekarar ce aka mayar da harabar gidan da aka kashe Sardauna cibiyar binciken tarihi, wato Gidan Arewa.

Shekaru kusan 30 garin ya ci gaba da zama na kowa. Ma'aikacin masaƙa daga Zonkwa na haya a Tudun Wada, mahauci daga Gusau na da rumfa a Sabon Tasha. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya fantsamo ya yi ɓarna, amma na shari'a a Fabrairu da Mayun 2000 shi ne ya sauya fasalin gari. Hukuma ta ƙirga gawa fiye da 1,000, masu bincike na waje suka ce sun kai 2,000. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ƙara cin rai sama da 200. Daga nan sai aka shiga musayar gidaje da sayar da su a wulaƙance. Kiristoci suka tsallaka kudu, Sabon Tasha da Narayi da Romi da Television. Musulmi suka tattaro arewa da yamma, Rigasa da Kawo da Tudun Wada da Unguwar Rimi. Iyakar da a da take can wajen gari ta shigo tsakiyarsa, kogi ya zama shamaki. Da safe dubban mutane na hayo gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello zuwa ofis da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ana ciniki ana raha. Magariba na yi kowa ya nufi tsallakensa. Akwai matasa a Badarawa da suka girma har suka yi aure ba su taɓa zama aji ɗaya da Kirista ba, haka takwarorinsu a Gonin Gora ba su taɓa cin naman Sallah a gidan maƙwabci ba. Wannan asara ce da ba ta shiga rahoton kowane kwamiti ba, kuma iyayensu da suka ga zaman da can sun fi kowa sanin girmanta.

A wannan gari dai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fito. A 1992 kowannensu na jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. A 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma suna cikin waɗanda suka tsaya har malamai da limaman coci suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. An gayyace su ƙasashe da dama su koyar da sulhu. Manyan majami'un St. Michael da St. Joseph kuma na nan a arewacin kogi, ana ibada a cikinsu duk Lahadi.

Yaƙin yanzu a gefen gari yake. A Maris 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A Agustan shekarar suka kutsa cikin NDA kanta suka kashe hafsoshi biyu. Ranar 28 ga Maris 2022 suka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa Rigasa. A Disamban 2023 harin jirgi marar matuƙi na soja ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri bisa kuskure, rayuka da dama suka salwanta. Garin da ke cike da barikoki ya ga lokacin da mazaunansa ke fargabar bin hanyar Birnin Gwari da rana tsaka, kuma yana da haƙƙin ya tambayi dalili.

Takardun wannan tarihi suna nan a ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, da Gidan Arewa, da gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu. Abin da ba ya cikin fayil shi ne abin da ke bakin mutane. Sojan Bama sun kusa ƙarewa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yau ya haura 75, haka matar da ta hau tarago da goyo a 1966, haka dattijon Gbagyi da ya san inda gonar kakansa take kafin a yi mata kwalta. Ya kamata gidajen rediyon garin nan da sashen tarihi na Jami'ar Jihar Kaduna da Gidan Arewa su ɗauki na'urar naɗar murya su bi su gida-gida, a Kawo da Kakuri da Abakpa da Kurmin Gwari, su naɗi bayaninsu da harshen da kowa ya fi sakewa da shi, a kuma riƙa sa wa 'yan makarantun tsallaken kogin biyu su saurara.